Ɓarnar da Kwamitin Jaje Ba Ya Ƙirgawa

A ƙarshen watan Agusta zuwa farkon Satumba na 2020, ruwa ya yi wa Jihar Kebbi shigar da manoma ba su manta da ita ba har yau. Gulbin Rima ya cika ya batse, Kwara ta tumbatsa, fadamun Augie da Argungu da Birnin Kebbi har zuwa Bagudo da Yauri suka koma ruwa tsundum, sai kan itatuwa ake hange. Ƙungiyar manoman shinkafa ta jihar ta ce gonaki kimanin hekta 450,000 ne suka nutse, asarar da aka ƙiyasta ta haura kashi ɗaya cikin huɗu na shinkafar da Najeriya ke sa ran girbewa a wannan shekara. Da yawa daga cikin masu gonakin da bashi suka yi noman, domin a Birnin Kebbi ne aka ƙaddamar da shirin lamuni na Anchor Borrowers a Nuwamba 2015, Kebbi kuwa ta rungume shi hannu bibbiyu.

Abin da ke biyo bayan irin wannan masifa kowa ya san shi. Manya su zo jaje, a kafa kwamiti, ma'aikatan hukumomin agajin gaggawa na SEMA da NEMA su bi unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye suna rubuta sunaye. Rai nawa aka rasa, gida nawa ya rushe, rumbu nawa ya faɗi, gada nawa ta karye. Daga baya motoci su iso da buhunan masara da shinkafa, da tabarmi da gidan sauro da bandir-bandir na kwanon rufi. A yi addu'a, a ce Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba. Duk wannan wajibi ne, wanda ya kwana a ajin firamare da matarsa da 'ya'yansa ba ya buƙatar a yi masa bayanin muhimmancinsa.

Sai dai akwai wata ɓarnar da ba ta shiga takardar kwamiti. Ana rubuta shinkafar da ruwa ya ci, ba a rubuta halin da ya bar fadamar da ta haifi shinkafar. Yashi taƙi nawa ya hau kan laka? Tafkin da kifi ke zuba ƙwai a cikinsa ya cike ne ko ya ƙara zurfi? Gaɓar rafi taku nawa ta zube, itatuwan bakin ruwa nawa suka tafi da ita? Shinkafar bana asarar shekara ɗaya ce. Fadamar da yashi ya binne kuwa tana iya hana gida abinci shekara da shekaru, kuma da wuya a sami ofishi ɗaya a jihar da zai buɗe littafi ya ce ga yawanta.

Mutanen da suka fi ƙwarewa a irin wannan ƙirge suna can nesa da Kebbi, a ƙasashen bakin teku, abin da suke aunawa kuma shi ne duwatsun murjani. Ga ido dutse ne a ƙarƙashin ruwa, amma wasu ƙananan halittu ne masu rai ke gina shi sannu a hankali, wani nau'in ma ba ya ƙara santimita 2 a shekara. Waɗannan duwatsu ba su mamaye ko kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a jikinsu suke rayuwa ko suke hayayyafa. Su ne kuma ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna suna rage matsakaicin kashi 97 cikin 100 na ƙarfin igiyar. Matsayin da fadama take da shi a wurin Bakabe, shi dutsen murjani yake da shi a wurin masuncin Indunusiya: can abincinsa yake fitowa, can kuma garkuwarsa take.

Ranar 26 ga Disamba 2004 girgizar ƙasa ta tayar da igiyar tsunami a Tekun Indiya, mutane kusan 230,000 suka mutu a ƙasashe 14. Ana cikin binne gawarwaki, hukumar kula da albarkatun teku ta Tailan ta haɗa kai da jami'o'in ƙasar, aka tura masu nutso gaɓar Tekun Andaman. Cikin 'yan makonni sun duba wurare 174. Kowa ya ɗauka murjani ya ƙare. Abin da suka tarar shi ne, kusan kashi 13 cikin 100 na wuraren ne suka yi mummunar lalacewa, fiye da rabi kuwa ko dai ba su taɓu ba ko ɓarnar kaɗan ce. Wannan sakamako ya hana a watsa kuɗin gyara ko'ina da ina. An san inda za a tura mutane su kwashe kwanon rufi da katako da tarkacen gidaje da ruwa ya jibge a kan murjani, an san inda za a tayar da waɗanda suka kife, an kuma san inda ya fi kyau a ƙyale shi ya warke da kansa.

Aikin nasu ba wani siddabaru ba ne. Ana shimfiɗa igiya mai awo a kan dutsen, mai nutso ya bi ta yana rubuta abin da ke ƙarƙashinta a allon da ruwa ba ya gogewa: nan murjani mai rai, nan matacce, nan karyayye, nan yashi. A wani salon kuma jirgin ruwa ke jan mutum a hankali yana duban ƙasa, a tsaya bayan kowane minti 2 ya faɗi abin da ya gani. Abin da ke ba aikin daraja shi ne komawa wuri ɗaya, a auna shi da hanya ɗaya, shekara bayan shekara.

Labarin da ya fi dacewa da Kebbi daga lardin Aceh na Indunusiya ya fito, inda tsunamin ya fi yin ta'adi. Wani masani daga Jami'ar James Cook ta Ostireliya, Andrew Baird, da abokan aikinsa 'yan ƙasar sun riga sun auna wasu duwatsun murjani a yankin tun 2003. Da suka koma a 2005, suna da abin kwatantawa a hannu. Suka tarar igiyar da ta share garuruwa ba ta canja yawan murjanin da ke ruwa maras zurfi sosai ba. Inda suka ga kufai, ɓarnar ta girmi tsunami: masunta ne masu jefa bam da zuba guba suka yi ta tun da daɗewa. Wuraren da suka fi lafiya kuwa sun haɗa da waɗanda ke hannun Panglima Laot, wata sarautar gargajiya ta masunta wadda ke hana su da bam da guba, take kuma tsayar da ranakun da ba a shiga ruwa. Duk wanda ya san aikin Sarkin Ruwa a Argungu, da yadda ake killace ruwan Matan Fada ba a taɓa kifinsa sai ranar biki, ba zai ji wannan tsari baƙo ba.

Da ba a yi awon 2003 ba, da duk ɓarnar a kan tsunami za a ɗora ta, a ce ƙaddara ce, masu bam su ci gaba da sana'arsu. Haka Ostireliya ta amfana da haƙurin awo. Cibiyar nazarin teku ta ƙasar ta fara bin babban jerin duwatsun murjaninta tun 1985, shi ya sa a 2012 ta iya fitowa ta ce rabin murjanin ya tafi cikin shekara 27, ta kuma raba laifin: kashi 48 cikin 100 guguwa, kashi 42 wata halitta mai ƙaya da ke cin murjani, kashi 10 ɗashewa saboda zafin ruwa. Gwamnati ba ta iya hana guguwa, amma tana iya yaƙar halittar nan mai ƙaya, ta kuma rage takin gona da ke gangarowa teku yana taimaka mata yaɗuwa. Awon ne ya nuna mata inda hannunta zai kai.

To ina ruwan masarautar Zuru da wannan, ƙasar tuddai da duwatsu da ko Kwara ba ta ratsa ta ba?

Ruwanta babba ne, don kuwa Zuru na cikin wuraren da ruwan ke farowa. Masarautar, da ƙananan hukumominta huɗu, Zuru da Fakai da Danko/Wasagu da Sakaba, tana kudu maso gabashin jihar, inda damina ta fi ta Argungu da Birnin Kebbi nauyi da tsawo. Ruwan da ya sauka a kan duwatsunta yana bin ƙoramu, wani ya nufi Gulbin Ka, wani ya gangara ta ɓangaren Yauri, duka dai a Kwara da tafkin Kainji suke ƙarewa. Ambaliyar irin wannan ƙasa dabam take da ta fadamar Rima, wadda ke hawa a hankali ta kwana ta wuni a gona. Ta tudu saukowa take yi da gudu bayan ruwan dare ɗaya, ta tsinke kwalbati, ta yanke hanya, ta buɗe kwazazzabo a tsakiyar gonar dawa, kafin azahar ta wuce. Da yake ba ta barin tafkeken ruwan da za a ɗauka a hoto daga jirgin sama, ba ta cika shiga labarai ba. Amma ƙasar da ta kwashe ba ta dawowa. Baƙar ƙasar saman gona, wadda ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana taruwa, ita ke fara tafiya. Mai tudu a bar shi da tsakuwa, mai fadama a jibge masa yashi, masuncin ƙasa kuma ya tarar gurbin da yake kama tarwaɗa ya cike.

A nan ne darasin Aceh yake da ɗaci. Ruwan sama na Allah ne, amma saurin da yake saukowa da shi da abin da yake ɗaukowa, akwai hannun mutane a ciki. Buhunan gawayi da ake jerawa a bakin hanya ƙirya ce da marke, wani lokacin har da kaɗanya, itatuwan da saiwoyinsu ke riƙe gangare. Noma ya kai har leɓen rafi, ba a bar ko taku biyar na ciyawa da gora ba. Tifofi na kwasar yashi a cikin ƙorama, gindin gaɓa ya rarake, ruwan farko ya rushe ta. Wasu masunta kuma har yanzu ba su daina zuba maganin ƙwari a tafki ba, su kashe uwa da 'ya'ya a wuni ɗaya. In ambaliya ta zo ta tarar da ƙasa a wannan hali, sai ta ƙarasa abin da aka fara, a kuma rubuta duka da sunanta. Muddin ba a auna kafin ruwa da bayansa ba, babu mai iya raba kason ƙaddara da kason gatari, kuma kason gatarin nan shi ne wanda hakimi da shugaban ƙaramar hukuma za su iya yin wani abu a kai.

A cikin garin Zuru kanta akwai abin dubawa. Kurmin Girmache, wurin tsafin gargajiya na Dakarkari mai manyan itatuwa da ruwa da kadoji, ya tsira ne saboda al'ada ta hana a sa masa gatari. Musulmi da Kirista na yau suna da ra'ayinsu a kan abin da ake yi a wurin, wannan kuma wata magana ce. Ga mai nazarin ƙasa, irin wannan kurmi ma'auni ne da kuɗi ba sa saye: yana nuna yadda bakin ruwa yake kasancewa in an bar shi da itatuwansa. Kwatanta shi da ƙoramar da aka aske wa gaɓa, bayan ruwa mai ƙarfi ɗaya, zai koya wa ɗalibi abin da lacca goma ba za ta koya masa ba.

Wani dalilin da ya sa awo ya zama dole shi ne, ba kowace ambaliya ce ɓarna zalla ba. Masunta sun daɗe da sanin cewa shekarar da ruwa ya malala sosai, kifi yakan yi albarka a bayanta, masana kimiyya ma sun tabbatar. Yawancin kifayen kogunan nan, su tarwaɗa da bargi da ƙarfasa da kurungu, a cikin ciyawar da ruwa ya mamaye suke hayayyafa, 'ya'yansu su girma a can kafin ruwa ya janye. Ambaliya ce ke shimfiɗa sabuwar laka a fadama, ita ke cika rijiyoyin da masu noman rani za su ja da injin a watan Janairu. Wuri ɗaya ta ba shi laka, wuri na kusa da shi ta binne shi da yashi. Mai kallo daga kan gada ba zai bambance su ba, sai wanda ya sauka ya haƙa.

Arewa ta taɓa biyan kuɗin rashin wannan sani da tsada. Da aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, an ƙirga hektocin da za a shayar, ba a ƙirga fadamun ƙasa da za su rasa malalar ruwa ba. Wani masanin Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasan madatsar daga baya, ya rubuta yadda noman shinkafa ya ja baya, su ya ragu, masunta da yawa suka bar gida. A farkon shekarun 1990 shi da Edward Barbier da Kevin Kimmage suka yi lissafin dausayin Haɗeja da Nguru, suka haɗa noma da su da itacen wuta, suka tarar amfanin da kowane ma'aunin ruwa ke bayarwa in an bar shi ya malala a dausayin ya ninka wanda yake bayarwa a aikin noman rani na Kogin Kano sau da yawa. Lissafin ya zo ne bayan an riga an gina madatsar Tiga mai shayar da aikin. Abin da ba a sa masa lamba ba, ranar rabon kasafi ɗaukarsa ake yi kamar babu shi.

Ba a ce Najeriya ba ta taɓa ƙiyasta ɓarnar ambaliya ba. Bayan ta 2012, wadda ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, gwamnatin tarayya da Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi babban lissafi, suka ce asarar ta kai naira tiriliyan 2.6. Bayan ta 2022 kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnar da kusan dala biliyan 6.7. Waɗannan alƙaluma suna da amfani a teburin Abuja da Washington. Amma ba za su gaya wa dagacin wani ƙauye a Fakai ko fadamarsa za ta nomu baɗi ba, ba za su kuma gaya wa injiniya dalilin da ya sa kwalbati ɗaya ke tsinkewa duk bayan shekara biyu ba. Wannan sai awon ƙafa, na wuri-wuri, irin na masu nutson Tailan.

Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani sam. Ruwan da ya bi ta masai ya shiga rijiya, amai da gudawa ke biyo shi. Wanda ya bi ta shagon taki da maganin feshi, a tafki yake sauke kayansa. Mafi haɗari shi ne wanda ya bi ta wuraren wanke zinariya. A maƙwabciya Zamfara gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010, ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015, ana kuma haƙar zinariya a kudancin Kebbi. Tarin ƙasar da aka niƙa aka wanke, in ambaliya ta ɗauke shi, ba ta tambayar iyakar jiha. Ɗibar ruwa da laka a kwalba a kai ɗakin gwaji bayan kowace babbar ambaliya bai kai kuɗin tayar mota ɗaya ta ayarin jaje ba, amma yana iya ceton yaran gari guda.

Mai ja da wannan magana yana da hujja, kuma ya kamata a saurare shi. Zai ce mutane na kwana a waje, wa ke da lokacin ƙirga kifi da itatuwa? Zai ƙara da cewa a Danko/Wasagu da Sakaba akwai ƙauyukan da 'yan bindiga suka hana mai gona ma zuwa gonarsa, balle malamin jami'a da igiyar awo. Duka biyun gaskiya ne. Amsar ta farko ita ce, masu rabon agaji dabam, masu awo dabam, ba ɗaya ke cin guzurin ɗaya ba. Tailan ta yi duka biyun a lokaci guda, a cikin masifar da ta fi ta Kebbi girma nesa ba kusa ba. Kuma wanda aka ba buhun masara bana, in fadamarsa ta mutu, baɗi ma a layin agaji za a same shi. Ta biyun kuwa, inda ƙafa ba ta zuwa, ido na sama yana zuwa. Taurarin ɗan'adam na Sentinel-2 na Turai suna ɗaukar hoton kowane yanki duk bayan kwana 5, na Landsat na Amurka kuma suna da hotuna tun daga 1972, duka kyauta suke a intanet ga mai kwamfuta. Da su ana iya ganin inda kurmi ya ragu, da inda farin yashi ya hau fadama, da yadda kwazazzabo ke tsawo. Abin da hoto bai nuna ba, mutanen wurin da suka yi gudun hijira zuwa Zuru ko Ribah suna ɗauke da shi a ka, tambayarsu kawai ba a yi.

Masu aikin ma ba sai an ɗauko su daga wata ƙasa ba. Tun 2020 tsohuwar Kwalejin Aikin Gona ta Zuru ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya, ɗalibanta kuma kowace shekara suna neman abin da za su yi binciken kammala karatu a kai. A New Bussa, a bakin tafkin Kainji, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, wadda tushenta ke komawa zamanin gina madatsar a 1968. Abin da ya rage shi ne a ɗaura su a aiki ɗaya mai ɗorewa. A zaɓi wurare 30 ko 40 a faɗin masarautar, fadama da bakin ƙorama da gangaren dutse da tafki, a kafa turakun siminti masu lamba. Sau biyu a shekara, da rani da bayan ɗaukewar ruwa, a koma: a auna tazarar turke da bakin gaɓa, a haƙa rami a ga kaurin yashi, a ƙirga itatuwan da ke kan layi, a zura igiya a rijiya, a ɗauki hoto daga tsayuwa ɗaya da waya. In babbar ambaliya ta faɗo, a koma cikin mako biyu kafin sawu ya ɓace. Kayan aikin duka ba su wuce tef na awo da shebur da littafi da kwalabe ba.

Littafin kuwa bai kamata ya zauna a jami'a kaɗai ba. Sarkin Noma da Sarkin Ruwa sun san abin da turke ba zai faɗa ba: inda ruwa ya tsaya a ambaliyar da ta gabata, tafkin da ake kama giwan ruwa a da yanzu ko ƙarfasa ta yi wuya, gonar da kakanni suka ƙi nomawa da dalilin ƙin. A ba su kofin littafin, a rubuta abin da suka faɗa da sunan sarautarsu, a karanta sakamakon da Hausa da C'lela, harshen Dakarkari, a fada da rediyo. Wanda ya ga da idonsa cewa gaɓar gonarsa ta ja baya taku bakwai cikin damina biyu, shi zai fara dasa gora ba sai an aiko masa da takarda ba. Ƙasar da ta san golmo, inda samari ke haɗa ƙarfi su yi shekaru suna noma wa surukai, ta kuma san gayya, ba za ta rasa hannun jera duwatsu a bakin kwazazzabo ko dasa ciyawar jema a gangare ba, in an nuna mata inda ya fi gaggawa.

Saura kuɗi, kuma a nan ma masu murjani sun yi gaba. A jihar Quintana Roo ta Meziko, gwamnati da masu otal-otal da ƙungiyar The Nature Conservancy sun sayi inshora ga dutsen murjanin gaɓarsu a 2019. Sharaɗin mai sauƙi ne: in guguwa ta kai wani ƙarfi a cikin yankin da aka shata, kamfani zai biya, ba sai an jira wani ya ƙirga ɓarna ba. A Oktoba 2020, daidai lokacin da ruwa ke janyewa daga fadamun Kebbi, guguwar Delta ta faɗa wa gaɓar, aka biya kusan dala 800,000. Tun kafin nan an riga an horar da masunta da masu jiragen yawon buɗe ido, suka shiga ruwa cikin kwanaki, suka tayar da manyan murjanin da suka kife suka liƙe su da siminti, suka sake dasa dubban gutsattsarin da suka karye. Gaggawar tana da dalili, domin karyayyen murjani in ya daɗe yana birgima a yashi mutuwa yake yi. Haka sabon kwazazzabo yake: a makon farko duwatsu da buhunan yashi sun ishe shi, bayan damina uku sai katafila da kwangilar miliyoyi.

Kebbi ba sai ta jira kamfanin inshora ba. Asusun kula da muhalli na tarayya yana nan tun 1981, jihohi da ƙananan hukumomi na karɓar kasonsu. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, an kafa shi ne musamman don farfaɗo da ƙasa da kula da magudanan ruwa. Hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki, HYPPADEC, ita ma Kebbi na cikin jihohinta. Abin da ake nema daga Majalisar Dokokin jihar ƙarami ne: layi ɗaya a kasafin kuɗi mai sunan wannan awo, da sharaɗin cewa duk rahoton ambaliya da SEMA za ta miƙa wa gwamna ya zo da babi a kan fadama da ruwa da daji, a kuma buga shi kowa ya gani. 'Yan majalisar da ke wakiltar ƙasar Zuru su suka fi cancanta su kawo ƙudurin, tunda ƙasarsu ce ke zubewa ba tare da an rubuta ba.

Lokacin fara aikin rani ne, tsakanin Janairu da Afrilu, sa'ad da ƙoramu suka ƙafe ana iya tafiya a cikinsu a ga gaɓa tun daga gindi. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina, tana lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, sunan Kebbi kuwa ba ya cika fita daga jerin. Ya kamata ranar da za a karanta hasashe na gaba ta tarar da turakun a kafe, awon farko a rubuce, kofin littafin kuma yana hannun sarakunan noma na Dabai da Mahuta da Ribah da Dirin Daji.